Ƙanena zai bar ƙungiyar da ta raine shi, saura wasa uku a gama kaka: ina neman shawara

Yayan Lamba Takwas:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya hana ni barci kwana huɗu ke nan, na ga gara in kawo shi nan tunda muna da masu horarwa da tsofaffin 'yan wasa a cikinmu.

Ƙanena shekararsa 17, ɗan wasan tsakiya ne. Tun yana ɗan shekara 11 yake wata ƙaramar ƙungiya, kuma koci ɗaya ne ya riƙe shi duk tsawon shekarun nan. Takalmin ƙwallonsa na farko kocin ne ya saya masa. Da mahaifinmu ya rasu yaron ya ɗauke ƙafa daga fili wata biyu, mutumin nan ne ya dinga sintiri gidanmu har ya dawo da shi. Bana shi ne kyaftin. Saura musu wasa uku, idan suka ci biyu za su haura rukuni na sama, abin da ƙungiyar ba ta taɓa yi ba tunda aka kafa ta.

To ga wani babban kulob ya aiko yana son sa a ƙungiyarsu ta matasa, amma sun ce sai ya zo kafin a rufe rajista nan da kwana goma. A gefe guda kuma akwai wani mutum da ya ce shi ejan ne, yana cewa mu manta da kulob ɗin nan, zai kai shi gwaji Turai idan muka haɗa kuɗin tafiya.

Yaron yana son tafiya, amma ya kasa haɗa ido da kocinsa. Ni ne babba a gida, ni ake jira. Me kuka gani?

Ɗan Gaba 9:
Wa alaikumus salam. Ya tafi kawai Yaya. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ƙungiya za ta sami wani kyaftin gobe, shi kuwa shekara 17 sau ɗaya take zuwa.

Masoyin Roma:
Haba Ɗan Gaba, da sauri haka? Mutum ya ɗauki shekara shida yana rainon yaro, ranar da zai ga amfanin wahalarsa sai a janye masa shi? Ba kocin kaɗai ba ma, akwai yara goma da suke shiga fili tare da shi, sun ba shi kambun kyaftin saboda sun yarda da shi. Wasa uku fa ake magana, ba shekara uku ba.

Ni abin da ya sa nake son Totti har gobe ke nan. Ya fara buga wa Roma a 1993 yana ɗan shekara 16, bai sa rigar wani kulob ba har ya yi ritaya a 2017. Kofin Serie A ɗaya tak ya ɗauka, a 2001. Real Madrid ta neme shi ya ƙi. Da ya tafi da ya tara kofuna, amma yau wa ya kai shi daraja a birnin Roma? Akwai abin da kuɗi da kofi ba sa saya.

Ɗan Doka:
Kafin a shiga maganar amana, Yaya, bari mu fara cire maganar ejan ɗin nan daga gabanmu, don ita ce ta fi haɗari.

Dokar FIFA ta musayar 'yan wasa, sashe na 19, ta hana musayar ɗan wasa zuwa kulob na wata ƙasa kafin ya cika 18. Akwai 'yan togaciya, daga ciki: idan iyayensa sun ƙaura saboda dalilin da ba na ƙwallo ba, ko idan tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai ne kuma yaron yana tsakanin 16 da 18, ko idan gidansu da kulob ɗin duk suna kusa da iyaka, cikin kilomita 50. Daga bayaninka babu wadda ta shafe shi. Ba wasa ake da dokar ba: a 2014 FIFA ta hukunta Barcelona a kanta, ta kasa yi wa sabon ɗan wasa rajista duk shekarar 2015. Chelsea ma an hukunta ta a 2019. Real Madrid ta gama ciniki da Palmeiras ta Brazil a kan Endrick tun Disamba 2022, amma sai da ta jira ya cika 18 a Yuli 2024 kafin ya zo. Idan Real Madrid tana jira, wane ne wannan mutumin da zai tsallake?

Kuma kulob na gaskiya idan yana son ganin yaro, takardar gayyata yake aikowa da sunansa, ba ya ɗora wa iyaye nauyin tara kuɗi su miƙa wa wani. Ka tambayi mutumin lasisinsa na FIFA da takardar kulob ɗin da ya gayyata. Za ka ga yadda maganar za ta canza.

Yayan Lamba Takwas:
Na gode Malam. Dama zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Na tambaye shi sunan kulob ɗin, sau biyu yana ba ni suna daban.

Hajiya Umman Yara:
To ka toshe lambarsa yau, ɗana. Wannan ba ya bukatar muhawara.

Amma ko maganar babban kulob ɗin, ku yi a hankali. Ɗana na biyu ya bi irin wannan hanyar yana da shekara 16. Muka yi murna, 'yan uwa suka yi ta kira. Ya je ya tarar da yara biyar a matsayin da yake bugawa, duk an ɗauko su daga wurare daban-daban, kowa shi ne gwanin inda ya fito. Shekara ɗaya da rabi yana atisaye kullum, ranar wasa yana benci ko ma a wajen fili. Wanda ya ɗauke shi ya bar aiki bayan wata huɗu, sabon kocin bai ma san yadda aka yi ya zo ba. Ya dawo mini ƙafa ta yi nauyi, zuciya ta mutu, karatu kuma ya tsaya. Na fi shekara ina lallashi kafin ya sake taɓa ƙwallo.

Ba ina cewa kada ya je ba. Ina cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ku san abin da za ku tarar tukuna.

Tsohon Gola:
Allah ya saka wa Hajiya. Bari ni kuma in kawo ɗaya ɓangaren, domin ni na zauna.

Ina da shekara 18 aka neme ni. Shugaban ƙungiyarmu ya kira ni ya ce in yi haƙuri in gama kaka, ya yi alkawarin shi da kansa zai kai ni inda ya fi can. Na ji kunya na zauna. Saura wasa biyu na fito kama wata ƙwallo, ɗan wasa ya faɗo mini a gwiwa. Jijiya ta tsinke. Waɗanda suka neme ni suka ɗauki wani. Ƙungiyar da na zauna dominta ta zo duba ni sau biyu, daga nan shiru. Kaka mai zuwa akwai sabon gola a raga, kuma ban ga laifinsu ba, dole a buga wasa.

Abin da nake so Masoyin Roma ya gane shi ne, Totti yana karɓar albashi mai kauri duk shekarun da ya zauna, yana buga gasar zakarun Turai, ya ɗauki kofin duniya a 2006. Zamansa zaɓi ne na wanda ya riga ya samu. Yaron da bai taɓa sa hannu a kwantiragi ba, idan ka ce ya yi koyi da Totti ka ɗora masa kayan da ba nasa ba.

Masoyin Roma:
Allah ya ƙara lafiya Baba, wallahi na ji zafin labarinka. Amma rauni ai ƙaddara ce, a can ma zai iya samunsa ranar farko.

Tsohon Gola:
Haka ne ɗana. Sai dai a can da akwai takarda, da akwai wanda doka ta ɗora wa jinyata.

Ɗan Gaba 9:
Kuma a daina yi kamar ƙungiyoyi suna da amana. Chelsea ta sallami Declan Rice yana ɗan shekara 14. Arsenal ta sallami Harry Kane yana ƙaramin yaro. Duk shekara makarantun ƙwallo suna kiran yara ofis su ce musu an gode, a tafi gida, babu mai cewa kulob ya ci amana. Sai ranar da yaro ya ce shi ne zai tafi sannan kowa ya tuna da halacci.

Koci Mai Usur:
Na karanta komai tun daga sama, na so in yi shiru amma na kasa, saboda ni ne wancan kocin a wani wurin.

Shekara 19 ina horar da yara. Ɗan Gaba, abin da ka faɗa gaskiya ne a kan manyan kulob, amma kada ka haɗa mu da Chelsea. Mu ba mu da ofis da za mu kira yaro mu sallame shi. Mu ne muke wanke riguna, mu ne muke zuwa wurin shugaban makaranta idan yaro ya faɗi jarrabawa, mu ne muke zama a asibiti idan ya karye. Ba a biyan yawancinmu.

Kuma duk da haka zan faɗa muku abin da zai ba wasu mamaki. Babu kocin yara na gaskiya da yake rainon yaro don ya riƙe shi. Don ya wuce muke yi. Idan yaro ya kai shekara 23 yana hannuna alhali yana da ƙafar da ta fi nan, ni na gaza. Yarana da dama sun tafi, kuma tafiyarsu ba ta taɓa hana ni barci ba. Abin da ya taɓa sa ni kuka sau ɗaya ne: yaron da na riƙe tun yana 10, ranar Talata muka yi atisaye tare, ranar Juma'a na ga hotonsa a Facebook da rigar wata ƙungiya. Bai faɗa mini ba, iyayensa ba su faɗa mini ba. Har yau idan ya hango ni sai ya canza hanya, ni kuwa ban riƙe shi da komai ba, kunyarsa ce take korarsa. Shekara bakwai ke nan.

Yaya, tambayata ɗaya ce. Kun je wurin kocin? A duk bayaninka ban ga inda ka ce an yi masa magana ba. Kun kawo wa dubban mutanen da ba su san yaron ba, shi kuma wanda ya fi kowa saninsa a fili yana can bai ji daga bakinku ba.

Yayan Lamba Takwas:
Ranka ya daɗe, maganarka ta shige ni. Gaskiya ba mu je ba. Nauyinsa muke ji.

Koci Mai Usur:
Nauyin nan shi ne zai ɓata abin. Ku je gobe, kai da yaron, kuma yaron ya yi magana da bakinsa.

Ɗan Doka:
Ina goyon bayan Koci, kuma akwai dalilin da ya wuce na zumunci. Mutane suna ɗauka bashin da ke kan yaro ga ƙungiyarsa ta farko abu ne na zuciya kawai. A doka ma an san da shi, har an yi masa lissafi.

Akwai diyyar horarwa, wadda ake biyan ƙungiyoyin da suka horar da yaro daga shekara 12 zuwa 21, lokacin da ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararre, da kuma idan ya koma wata ƙasa kafin ƙarshen shekarar da ya cika 23. Akwai kuma kason haɗin kai: duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa, ana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da ya zauna tsakanin shekara 12 da 23. Shekarun 12 zuwa 15 kowace tana da kwata na kashi ɗaya, daga 16 zuwa sama kowace tana da rabin kashi ɗaya. Ku lissafa na wannan yaron: shekara huɗu na farko sun ba da kashi 1, shekarun 16 da 17 sun ba da wani kashi 1 idan sun cika. Wato kusan kashi 2 cikin ɗari na duk cinikin da za a yi da shi tsakanin ƙasashe, har ya yi ritaya. Ga ƙaramar ƙungiya wannan na iya zama fili, ko mota, ko albashin koci.

Amma fa sai idan ƙungiyar tana da rajista da hukumar ƙwallon ƙasarta, kuma sunan yaron yana cikin kundin a waɗannan shekarun. Tun Nuwamba 2022 FIFA ta buɗe wata cibiya da take bin tarihin rajistar ɗan wasa ta intanet tana tura kuɗin. Abin da ba a rubuta ba, ba ta san da shi ba. Ƙananan ƙungiyoyi da yawa a nan suke asara. Wani lokaci babban kulob ma yakan nemi ƙaramar ƙungiya ta sa hannu ta yafe haƙƙinta kafin a ɗauki yaro. Idan musayar cikin ƙasa ɗaya ce, dokar hukumar ƙasar ce take aiki, don haka a duba ta.

Don haka Yaya, idan kuna son saka wa kocin nan, kada yaron ya motsa sai an yi takarda tsakanin ƙungiyoyin biyu, a rubuta shekarunsa, a rubuta kason da za su samu idan aka sayar da shi gaba. Kuma ku sani ɗan ƙasa da 18 ba a yi masa kwantiragin da ya wuce shekara uku. Idan aka kawo muku na biyar, kada ku sa hannu.

Masoyin Roma:
Wato yanzu halacci ya koma kashi 2 cikin ɗari ke nan?

Ɗan Doka:
A'a ɗan'uwa, bai koma ba. Amma godiyar baki ba ta sayen ƙwallo ga yaran da za su zo bayansa. Ka duba Jude Bellingham. Ya taso a Birmingham City, ya buga musu wasa sama da 40 a kakar 2019/20 yana ɗan 16, sannan ya koma Dortmund a 2020 yana 17, kulob ɗin Birmingham ya karɓi kuɗi mai yawa a lokacin da yake cikin matsi. Har suka ajiye lambarsa 22 ba a sake ba wa kowa ba. Kaka ɗaya ya yi musu a babbar ƙungiya. Declan Rice ya ɗaga wa West Ham kofin Turai a Yuni 2023 yana kyaftin, wata mai zuwa ya koma Arsenal a kan fam miliyan 100 da ɗoriya. Sannan ka duba Trent Alexander-Arnold: tun yana ɗan shekara 6 yake Liverpool, kusan shekara 20, ya ci musu gasar zakarun Turai da Firimiya biyu, amma da ya ƙi sabunta kwantiraginsa ya nufi Real Madrid a 2025, an yi masa ihu a Anfield, filin Liverpool. Wanda ya yi shekara 20 an yi masa ihu, wanda ya yi kaka ɗaya an ajiye rigarsa. Magoya baya sun fi duba yadda ka fita da abin da ka bar musu.

Malama Mai Sharhi:
Ni ban yarda da ihun da aka yi wa Trent ba ko kaɗan. Ya yi musu wasa har ƙarshen kakar ƙarshe ta kwantiraginsa, me kuma ake bin sa? 'Yancin nan ba a sama aka tsince shi ba. Jean-Marc Bosman kwantiraginsa ya ƙare a Liège ta Beljiyam a 1990, ya so komawa Dunkerque a Faransa, kulob ya hana shi ya kuma zaftare masa albashi. Sai da ya yi shekara biyar a kotu kafin hukuncin Disamba 1995, lokacin ƙwallonsa ta riga ta lalace. Kafin shi, ana riƙe ɗan wasa ko bayan yarjejeniya ta ƙare, kuma masu riƙewar da sunan biyayya suke yi.

Amma mu dawo kan yaron. Ni tambayar da nake ganin ta fi kowace ita ce ta Hajiya: zai buga ko ba zai buga ba? A shekara 17 zuwa 20 abin da yake gina ɗan wasa shi ne mintunan da ya yi a fili ranar wasa. Girman tambarin kulob da ke ƙirjinsa ba ya ƙara masa komai idan yana zaune.

Martin Ødegaard ya koma Real Madrid a Janairu 2015 yana ɗan 16, duniya ta ɗauka an gama. Sai ga shi ana ta ba da shi aro, Heerenveen, Vitesse, Real Sociedad, bai sami wurin zama ba sai a Arsenal a 2021. Osimhen ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a Chile a 2015, ya je Wolfsburg bai ci musu ko ɗaya ba. Da ya sauko Charleroi a Beljiyam a 2018, ƙungiyar da ba ta kai Wolfsburg suna ba, ya ci 20 a kaka ɗaya, daga nan Lille, daga nan Napoli, har ya ɗauki Serie A a 2023. De Bruyne da Salah duk sun bar bencin Chelsea suka je inda za a sa su. Jadon Sancho ya bar Manchester City a 2017 saboda bai ga ƙofa ba, Dortmund ta buɗe masa. Wasu sun hau sama, wasu sun sauko ƙasa, amma duk fili suka bi.

Don haka idan ƙungiyarsu ta haura rukuni na sama, kuma shi ne kyaftin, yana buga minti 90 da manya duk mako, ba lallai ne ƙungiyar matasa ta babban kulob ta fi masa ba. Zama ma yana iya zama dama. A auna.

Ɗan Gaba 9:
Idan suka haura. Idan ba su haura ba fa? Ya yi biyu babu.

Malama Mai Sharhi:
Shi ya sa na ce a auna, ban ce a zauna ba. Yaya ya kira su ya tambaya: 'yan tsakiya nawa ne a ƙungiyar matasan? Wace gasa suke bugawa, wasa nawa a shekara? Cikin shekara uku da suka wuce yara nawa suka haura babbar ƙungiya? Ina zai kwana, wa zai kula da karatunsa, wa zai yi jinya idan ya ji rauni? Wanda ya gan shi ya so shi, koci ne ko wani ne da ba shi da ta cewa ranar wasa? Idan suna son sa da gaske ba za su ji haushin tambaya ba.

Hajiya Umman Yara:
Da na san in yi waɗannan tambayoyin a lokacin. Ka rubuta su a takarda ɗana, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa, idan ka shiga ofishinsu kwarjini zai sa ka manta rabi.

Tsohon Gola:
Kuma a tambayi yaron shi kaɗai, ba a gaban kowa ba. Wani lokaci yaro yana cewa yana son tafiya ne saboda ya ga gida ana bukata. Wani lokaci yana cewa zai zauna ne saboda kunya. Ni ba wanda ya tambaye ni.

Yayan Lamba Takwas:
Jama'a na dawo, ku yi haƙuri da shirun kwana biyu.

Mun je wurin kocin, ni da yaron da mahaifiyarmu. Ashe ya sani tun mako biyu da suka wuce, domin wanda ya zo kallon yaron shi ya fara nema. Ya yi shiru ne yana jira ya ga ko za mu zo. Da ƙanena ya fara magana murya ta ƙi fita, kocin ya bar shi har ya gama, bai taimake shi da kalma ɗaya ba. Sannan ya ce masa ya tafi. Ya ce ya san kocin matasan can, mutum ne mai sa yara a wasa, kuma 'yan tsakiyarsu biyu sun wuce shekaru bana, wuri a buɗe yake. Ya ce a rukunin da za su haura ana buga ƙwallon ƙarfi, jikin yaron bai kai ba tukuna, ya fi bukatar shekara biyu a inda ake koyarwa da kayan aiki. Ni ban taɓa tunanin wannan ba.

Ya roƙi kulob ɗin su jira a gama kaka, sun ce ba za su iya ba saboda rajista. Amma sun yarda da takardar da Ɗan Doka ya ce, da kaso idan aka sayar da shi, kuma za a sa shi makaranta. Kwantiragin shekara biyu ne.

Sharaɗi ɗaya kocin ya kafa, yaron ya tsaya gaban 'yan ƙungiya ya faɗa musu da kansa. Ya yi jiya bayan atisaye. Wasu sun rungume shi. Babban abokinsa, wanda suke tsakiya tare tun suna yara, ya ɗauki jakarsa ya fita bai ce komai ba. Ƙanena bai ci abinci ba daren jiya.

Yanzu ga sabuwar magana. Wasan farko cikin ukun ranar Asabar ne, rajista kuma sai Laraba ake rufewa. Zai iya bugawa kafin ya tafi. Shi ya dage sai ya buga. Ni kuma tunda na karanta labarin Baba Tsohon Gola gabana yake faɗuwa.

Ɗan Doka:
Ta fuskar doka babu matsala, ɗan wasa yana iya buga wa ƙungiya biyu wasan gasa a kaka ɗaya. Amma ku sanar da sabon kulob ɗin a rubuce, su amsa a rubuce. Idan za a iya sa hannu a yarjejeniyar kafin Asabar a bar rajistar zuwa Litinin, ya fi.

Ɗan Gaba 9:
Kada ya buga. An riga an samu, me ya sa za a je neman tsautsayi? Abokan hamayya sun san zai tafi, wani zai iya shiga masa da gayya.

Masoyin Roma:
Ni dai da na so ya gama ukun. Amma tunda kocin da kansa ya sallame shi, ba ni da bakin magana. Wannan ɗayan kuwa a bar shi ya buga, don Allah.

Koci Mai Usur:
Yaya, ka gaishe mini da kocin nan, ban san shi ba amma na san abin da ya haɗiye kafin ya ce a tafi. Maganar abokin kuma ku ba shi lokaci. Ba tafiyar ce kaɗai take cin sa ba, shi ma yana tambayar kansa me ya sa ba shi aka zo nema ba, kuma yaro ɗan 17 ba ya iya faɗin wannan. Ƙanenka ya je gidansu kafin ya tafi, ko ba za a kula shi ba.

Asabar kuwa, idan ni ne zan sa shi, in cire shi bayan minti 60 in wasa ya yi kyau.

Tsohon Gola:
Ɗana, kada labarina ya sa ka hana shi. Ni an riƙe ni ne da alkawarin baki, shi kuwa an sake shi, da ƙafarsa yake son komawa ya yi sallama. Ba ɗaya ba ne. A sa hannu a takardar tukuna kamar yadda Malam ya ce, ya ɗaura kariyar ƙwauri mai kyau, ya saki ƙwallo da wuri kada ya riƙe ta a ƙafa.

Yayan Lamba Takwas:
Na gode Baba, na gode kowa. An sa hannu yau da safe, sun kuma amince ya buga. Ya je gidan abokin nasa da yamma, sun daɗe a waje, ban tambaye shi abin da suka ce ba. Kocin ya ce abokin ne zai karɓi kambun idan an cire shi. Wasa ƙarfe huɗu ne ranar Asabar, Litinin da asuba zan raka shi. A sa mu a addu'a.